Araha Ba Ta Ado: Mai Fulawa da Mutanenta

A Hausa fulawa biyu ce, kuma duk biyun suna zuwa biki. Akwai wadda ake kwaɓawa a yi cincin da fanke, akwai wadda ake ɗaurewa da zare a miƙa wa amarya ta riƙe. Ta farko ba ta da abokin gaba, domin ba a taɓa jin wanda ya miƙe a taron dangi ya ce kuɗin cincin asara ne ba. Ta biyu kuwa tun ranar da aka ambace ta a lissafin biki take shan suka, har ranar da aka kwance ta aka mayar buhu. A Auna, kamar sauran garuruwan ƙaramar hukumar Magama a masarautar Kontagora, inda Kambari da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, Musulmi da Kirista kuma suna halartar bukukuwan juna, mai wannan sana'a takan yini tana ɗaure yadi a rumfar walima ranar Juma'a, ta wayi gari Asabar tana jera furanni a gaban bagadin coci. Wasu na ce mata mai dekoreshan, wasu mai fulawa. Ra'ayina shi ne ainihin hajar wannan baiwar Allah rufin asiri ne, yadi da fure da balan-balan kuwa mudun da take aunawa da shi ne kawai. Shaiduna su ne mutanen da ke zuwa wurinta, domin kowannensu da abin da yake so a rufe masa.

Sai an san aikin kafin a san masu wahalar da mai aikin. Wurin da ake ba ta yawanci filin makarantar firamare ne, ko ƙofar gida, ko ɗakin sujada mai rufin kwano wanda damina ta zana taswira a bangonsa. Da yadi mai sulɓi da fil da almakashi da tsanin aro take tufatar da ƙarfen rumfa mai tsatsa, ta sa wa kujerar roba riga, ta toshe tsagar bango da labule, har baƙo ya kasa gane filin da awaki suka kwana jiya. Furenta na roba ne, kuma ba rowa ta jawo haka ba. Wardin da ake gani a hannun amaren Turai da yawansa daga wurare masu sanyi yake fitowa, irin gonakin bakin tafkin Naivasha a Kenya, a ɗauke shi a jirgin sama zuwa kasuwar gwanjon fure ta Aalsmeer a Holan, kuma tun daga yanka har kanti ba a yarda ya ɗanɗani zafi. A Najeriya ma sai a tudu irin na Jos yake sakewa. To a saka wannan ɗan gata a bayan mota, a bi da shi ta Kontagora da Ibeto da Salka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, a ga abin da zai iso Auna. Ganyen miya zai iso. Fulawar roba kuwa, wadda ake ƙerawa a ƙasar Sin ta biyo ta kasuwannin Legas da Anaca da Kano, ba ruwanta da rana, ba ruwanta da wutar lantarki. A wanke ta da omo, a shanya, ta sake aurar da wata.

Ta farko a jerin masu wahalar da mai fulawa ita ce Amarya Mai Waya. Ba ta zuwa da bayani, da hoto take zuwa. Ta miƙo waya ta ce, “Anti, irin wannan nake so, kada a rage komai.” A cikin hoton zauren wani otal ne a Abuja ko Dubai, rufinsa ya yi tsawon rimi, furanni na zubowa daga sama kamar ruwan Agusta. A hannunta kuwa kuɗin da ba zai sayi labulen ƙofar zauren ba. In aka gaya mata haka, sai ta ce ai ba lallai ya zama daidai ba, ya dai yi kama yadda ba za a gane bambanci ba. Launinta yakan canza duk daren da ta kwana a TikTok: Litinin ruwan hoda, Laraba ruwan zuma, Alhamis ta ga bikin wata 'yar fim ta koma ruwan toka, bayan an riga an yanko yadi daga Kontagora. Mai saurin hukunci zai ce ruwan ido ne. Amma yarinya ce za a kai gidan da ba ta saba ba, a gaban dangin miji masu ido irin na mai awon zinariya, da ƙawayen da za su riƙe hoton ranar har su yi jika. Tsoron kada a ce bikinta bai kai na wance ba, shi take roƙo a rufe mata. Gwanar mai fulawa ba ta gardama da hoton. Takan zaɓi kusurwar da amarya za ta zauna ta zuba duk ƙarfinta a nan, domin ta san kyamara ba ta da wuyan waiwaye.

Angwaye kashi biyu ne. Akwai Ango Duk-Yadda-Kuka-Yi, wanda lefe da sadaki da kuɗin ɗinki suka riga suka tatse, har in an nuna masa fure da tsintsiya zai ce duk sun yi kyau. Jimla kawai yake tambaya, in ya ji ta ya yi shiru irin na wanda aka yi wa rasuwa, sannan ya ce, “Allah Ya rufa asiri.” Da bakinsa ya faɗi sunan hajar da ya zo saya. Akwai kuma Ango A-San-Da-Ni, wanda ya dawo daga ci-rani da ɗan nauyi a aljihu. Shi so yake a naɗe sababbin takardun naira ɗaya bayan ɗaya, a yi dami da su kamar fure, amarya ta riƙe kowa ya gani. Sai mai fulawa ta koma lauya, ta tuna masa sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira, har da liƙi, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun, kuma a 2023 bankin ya ambaci wannan damin kuɗi cikin abubuwan da ya hana. Wannan ba ya shiga kunnensa. Abin da ke shiga shi ne in aka raɗa masa damin zai bi ta hannun ƙawayen amarya goma sha biyu kafin ya dawo. Na farko talaucinsa yake so a rufe, na biyu tarihin talaucinsa, kuma na biyun ya fi cin yadi.

Sai Goggo Ba-Haka-Ake-Yi-Ba. Ba ita ta kira mai fulawa ba, ba ita za ta biya ba, amma ita ke fara isowa da kujerarta 'yar tsugunno ta dasa a tsakiyar fili. In an sa farin yadi ta ce wa ya mutu, in an sa ja ta ce ko gidan boka ne, in an haɗa kore da fari ta tambaya ko gwamna ne zai zo. Takan ɗaga damin amarya ta shinshina, ta ji warin buhu, ta ce, “Yanzu 'yar nan, abin da ko akuya ba za ta ci ba shi kika karɓi kuɗi a kansa?” Ba a yi mata musu, domin mai musu da Goggo ranar biki ya sayi shari'ar shekara. A zamaninta ita ce mai jere. Ita ake kira ta tsara kwalla da tasoshi da fantekoki tun daga ƙasa har rufi, mata su shigo su rangaɗa guɗa su ce hannun wance ne. Yau an kawo yarinyar da aka haifa a gabanta, da tsani da almakashi, an ba ta filin. Ciwon Goggo ke nan, an daina nemanta, kuma ba za ta faɗa da baki ba. Maganinta sananne ne ga wadda ta daɗe a sana'ar: a bar ƙulli guda a karkace da gangan, Goggo ta gano shi, a ce, “Wallahi Goggo idonki ya fi namu,” a gyara a gabanta. Daga nan har magariba ita ce mai gadin kaya, yaron da ya taɓa balan-balan ya shiga uku.

Kawu Buhu-Nawa shi ne babban ɗan adawa, kuma ya cancanci amsa ta hankali, domin maganarsa da ƙamshin gaskiya. Kowane farashi sai ya mayar da shi hatsi kafin ya shiga kansa, kamar don shi aka raɗa wa garin suna Auna. In an faɗi kuɗin ado sai ya rufe ido ya ce buhun masara kaza ke nan, ko rabin kuɗin takin bana, a kan abin da za a kwance kafin la'asar. Hujjarsa almubazzaranci, wanda limami da fasto duk suke wa'azi a kai, ga tsadar rayuwa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Gaskiya ne akwai gidan da ke cin bashi don ado ya kwana da yunwa, kuma wannan wauta ce ko da wane launi aka yi ta. Sai dai lissafin Kawu da rami a ciki. Shinkafar biki ma kafin la'asar take ƙarewa, kiɗa iska ke tafiya da shi, babbar rigar da shi Kawun ya ɗinka don ranar kuma ba za ta sake ganin rana ba sai Sallah, amma bai taɓa mayar da ita masara ba. In tattali ake magana, yadi ɗaya da fure ɗaya na mai fulawa su ke yi wa gidaje da dama hidima, kowa ya biya ɗan kaso, maimakon kowane gida ya shafe bango da fenti ya sayi labule don yini ɗaya. Haya ce, irin ta rumfa da tukunyar biki da lasifika. Abin da Kawu ke ɓoyewa shi ne gudummawarsa ba ta kai yawan maganarsa ba, kuma da zarar an zaunar da shi a sahun gaba kan kujera mai riga, ba a sake jin batun masara.

A coci fuskokin ne daban, halin ɗaya ne. Kiristanci ya daɗe a yankin: ikilisiyar UMCA na da tsohon tushe a Salka, Katolika kuma suna ƙarƙashin Kontagora, wadda ta zama cikakkiyar dayosis a 2020, da Bishop Bulus Dauwa Yohanna a kan kujerarta. Ko'ina aka shiga akwai Mama Mai Mabuɗi, jigo a Zumuntar Mata, wadda mabuɗin akwatin labulen coci ke ɗaure a bakin zanenta tun kafin a haifi amarya. A wurinta mai fulawar da iyayen amarya suka ɗauko kishiya ce aka yi mata ba shawara. Tana da tukwanen fure biyu da suka koɗe har ba a san launin da aka haife su da shi ba, amma wanda ya matsar da su ya taɓa tarihin ikilisiya. Kusa da ita ga Baba Mai Doka, katikis ko dattijon ikilisiya, wanda aikinsa cewa a'a: kada a buga ƙusa a bango, kada a rufe gicciye, kada a tare hanyar masu kai baiko. Sau da yawa da gaskiyarsa, domin a tsarin Katolika an hana ƙawata bagadi da fure a lokacin azumin kwana arba'in kafin Ista, in ban da Lahadi ta huɗu da manyan bukukuwa, an ce a taƙaita a makonnin jiran Kirsimeti, kuma ko a sauran lokuta a kewayen bagadi ake son fure, ba a kansa ba. Su biyun fargaba ɗaya suke rufewa da faɗa, kada ɗakin da suka yi shekara talatin suna sharewa ya koma zauren haya a yini ɗaya. Mai fulawar da ta san doka kafin a gaya mata ta gama da Baba. Wadda ta wanke tukwanen Mama ta sa su a tsakiyar sabon ado ta yi uwa a cocin har ta bar sana'a.

Ranar biki kuma sai sababbi su fito. Ga Uban Taro, wanda tun jiya ya aiko yaronsa ya duba ko kujerarsa ta kai ta ango tsawo, ya iso bayan an ci rabin shinkafa, ya yi alkawarin gudummawa a lasifika, irin alkawarin da ke bin sahun madatsar ruwan Auna da aka shafe shekaru ana jira. Ga Hajiya Tsaraba, ko Mama Tsaraba, tunda wannan hali bai san addini ba, wadda ta yi imani duk abin da ba a kafe da ƙusa ba rabon 'yan biki ne. Baki na hira, hannu na aiki a ƙarƙashin mayafi, kafin addu'ar tashi furen tebur ya koma jaka. In an kama ta sai ta ce, “Au, ashe ba rabawa ake ba?” Ga ƙawayen amarya da suka ga a fim ana jefa dami ta baya, wadda ta cafe ita ce ta gaba, suka yi kokawar da ta raba shi gida bakwai, alhali Asabar mai zuwa wata amaryar ke jiransa. Duk wannan asara a kan mai fulawa take, kuma ba ta da bakin magana, domin in ta tsaya a ƙofa tana binciken jakunkuna ta tona asirin da aka ɗauke ta ta rufe. Sai ta yi murmushi, ta ƙirga abin da ya rage, ta sa giɓin a farashin biki na gaba, Kawu Buhu-Nawa na can ya ji ya ce ta cika tsada.

Mafi hatsari a cikinsu shi ne Malam Bayan-Biki. Kafin biki ya fi kowa daɗin baki. Ya ba da kafin alƙalamin da bai wuce kuɗin mota ba, ya ce, “Haba ƙanwata, ai mu da ke ba ta ɓaci, da an watse za ki ji alat.” An watse. Ranar farko yana gajiyar biki, ta biyu yana sallamar baƙi, ta uku wayarsa ta faɗa ruwa, mako na biyu ana jiran a sayar da wake, wata na uku ya fara tuno ai labulen ma ya ɗan karkace. Kafin ciko ya fito an yi haihuwa, har ya aiko ko za ta zo ta gyara wurin suna, a haɗa lissafi gaba ɗaya. Yanayin hajar ne ya ba shi wannan ƙarfin hali. Tela na iya riƙe riga, bakanike na iya riƙe babur, amma wadda ta sayar da rufin asiri ba ta da abin riƙewa, tunda an riga an ga wuri ya yi kyau, baƙi sun koma da labari mai daɗi, kuma ba za ta bi su Yawuri da Rijau ta karɓo yabon ba. Ga shi ita ma da nata a wuya: yaran da suka hau tsani, mai a-kori-kura, mai wanki da guga, da ɗan kasuwar da ya ba ta yadi bashi. An ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A nan an yi askin tas, ladan ne ya shiga daji.

Adalci ya sa a duba su ma masu fulawar, domin ba mala'iku ba ne. Akwai Anti Ba-Matsala, mai karɓar biki uku a Asabar ɗaya da kayan biki ɗaya da rabi, tana kwance na Salka tun ba a gama hoto ba don ta kai Nasko. Akwai Anti Cika-Wuri, wadda ke cusa ƙyalle da fitila mai ƙyaftawa ko'ina har a rasa amarya a cikin kaya, sai an bi sautin kukanta. Akwai wadda furenta bai ga ruwa ba tun bikin farko, in iska ta kaɗa manyan baƙi su kama atishawa. Daga irin waɗannan masu suka ke samun hujja ta biyu, wai sana'ar duk yaudarar ido ce, kuma kayan aro ba ya rufe katara. To ai yaudara sai da wanda aka yaudara. Babu wanda ya zo biki a Auna ya ɗauka wardi ne ya tsiro a ƙarfen rumfa, ko ya zaci mai gida ya sayi kujeru ɗari biyu masu riga. Kowa ya san haya ce, kamar yadda aka san dokin da ango ya hau na aro ne, kuma ba a taɓa kiran wannan ƙarya ba. Kara ce ta zaman tare: yau mu kau da kai daga tsagar bangonka, gobe ka kau da kai daga tamu. Wadda ta saɓa alkawari ko ta kawo kaya da ƙura a guje ta, amma laifinta bai shafi wadda ta iso tun asuba ba.

Suka ta uku ta fi yawan magoya baya: wai sana'ar baƙuwar al'ada ce, kakanninmu ba su san amarya da dami a hannu ba. Rabin maganar gaskiya ne. Farar rigar amarya ma ba ta zama yayi sosai a Turai ba sai bayan da Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sa ta ranar aurenta a 1840, da kambin furen lemo a ka, daga baya al'adar ta iso mana ta hanyar mishan da makaranta, fim da waya suka ƙarasa aikin. Amma kayan ne baƙi, buƙatar 'yar gida ce. Mutanen da suka san lalle a ƙafar amarya, da jere a ɗakinta, da zane a bangon soro, da dokin da aka yi wa ado har ba a ganin gashinsa, ba mai koya musu cewa ranar farin ciki ana tufatar da wuri kamar mutum. Kwallar da Goggo ke kewa ita ma daga waje aka fara kawo ta, ta ture ƙwarya, kuma da wuya a lokacin a ce ba a sami wata goggon da ta ce ba haka ake yi ba. Inda masu sukar suka fi gaskiya shi ne raina na gida. Gurjiya takan yi ja wur da hunturu tun ba ta da ganye, ɗorawa ta rataya jajayen tutunta da rani, bado na shimfiɗe a fadamu da gefen tafkin Kainji, furen lalle kuma na da ƙamshin da roba ba za ta taɓa yi ba. Coci-coci sun riga sun nuna hanya, da ganyen dabino ranar Lahadi ta ƙarshe kafin Ista, da dammunan dawa da gero ranar godiyar kaka. Mai fulawar da ta haɗa waɗannan da yadinta za ta rage kuɗin mota, sai dai ta yi shirin Goggo, wadda za ta ce an kawo kayan miya wurin aure.

In aka tara mutanen nan wuri ɗaya za a ga babu mugu a cikinsu sai mai hana ciko. Sauran bayin Allah ne da biki ya haska musu fitila, kowa na lalubar mayafi. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ko a ranar akan so mai riƙe zane, kuma aikin mai fulawa ke nan. Ta san wanda ya biya da wanda ya tsaya a alkawari, ta san gidan da aka rage kujeru don kuɗi ya gaza, ta san bangon da ke bayan labule, kuma ba a jin ta bakinta. Saboda haka shawara ga mai shirin biki a Auna da kewaye gajeriya ce. Ango, ka faɗa mata gaskiyar aljihunka tun farko, ta fi iya rufe ramin da ta san zurfinsa. Amarya, ki zaɓi launi ɗaya ki kashe waya. A yi ciniki a gaban shaida, a tambayi dokar coci ko ta masu wuri tun da sauran mako biyu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ba shi da hali ya share fili, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa tabarma, aure ya ɗauru, babu abin kunya a ciki. Wanda kuwa ya kira mai fulawa ya tuna araha ba ta ado, ya zaunar da Hajiya Tsaraba nesa da tebur, ya kuma biya ciko kafin a kwance labule.